SARKIN NAWA DA MASU FARAUTAR HOTONSA

Daga Wakilinmu

A cikin kurmin ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai wata dabba wadda za a iya cewa ko hawainiya ta fi ta hanzari. Turawan Ingila suna ce da ita sulot, watau ragwanci. Mutanen Kosta Rika kuwa malalaci suke kiranta da harshensu na Sifaniyanci. Mu dai bari mu ce da shi sarkin nawa. Girmansa bai wuce na matsakaicin biri ba, gashinsa buzu-buzu, ga dogayen hannuwa da zaƙo-zaƙon faratai masu kama da ƙugiya, waɗanda yake rataye kansa da su a jikin reshe. Iri biyu ne manya, akwai mai farce biyu a hannu, akwai mai uku.

Mai karatu zai zaci babu abin da ya kai ɗaukar hoton wannan dabba sauƙi, tun da yake ba gudu zai yi ba. Alhali kuwa waɗanda suka mai da ɗaukar hoton namun daji sana'a sun san ba haka abin yake ba. Hotonsa na gaskiya sai mai haƙuri, hoton gaggawa kuwa sau da yawa da ran dabbar ake biyansa.

GANO SHI NE AIKIN FARI

Sarkin nawa a ƙololuwar itatuwa yake zaune. Gansakuka takan tsiro a cikin gashinsa har ya yi kore-kore, musamman da damina, saboda haka in an hango shi daga ƙasa sai a ce dunƙulen ganye ne ko gidan gara. Wannan ɓoyo shi ne makaminsa, domin babbar mikiyar kurmi da damisar can motsi suke nema.

A ƙarni na 18 wani masani Bafaranshe mai suna Buffon ya rubuta cewa wannan dabba tana cikin mafi ƙasƙancin halittu. Masanan yanzu sun nuna tattali ne yake yi, ba lalaci ba. Mai farce uku ganye ne abincinsa, ganye kuwa ba ya ba da ƙarfi sosai, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya narke a cikinsa. Ko yawan barcin da ake jingina masa an yi ƙari. A shekarar 2008 wasu masana suka auna barcinsa a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Fanama, suka tarar a daji wajen awa 9 da rabi yake yi a yini, ba awa 16 da aka gani ga waɗanda ke tsare ba.

Don haka mai ɗaukar hoto yakan nemi ɗan jagora na ƙasar. A gandayen dajin Manuel Antonio da Cahuita na Kosta Rika, 'yan jagora suna yawo da madubin hangen nesa, suna duban wani itace da ake kira guarumo, mai ganye kamar na gwanda. Sarkin nawa yana son ganyensa, rassansa kuma ba su da duhu, sai a fi saurin hango shi a kai.

HASKE DA LAIMA

In an gan shi, sai kuma rigimar haske. Ƙasan kurmi duhu ne, sama kuwa fari fat, to in aka ɗaga kyamara daga gindin itace, dabbar sai ta fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Gwanaye sukan ja da baya, ko su hau tudu, har su sami wurin da koren ganye zai kasance a bayansa maimakon sararin sama. Sukan yi amfani da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, su ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku don kada hannu ya yi rawa. Ba a haska masa wuta a fuska. Bugu da ƙari, laimar kurmi takan sa gilashi ya yi hazo, in ba a adana shi wuri busasshe ba har fumfuna yakan yi.

Saura jira. Mutum yakan shafe sa'o'i yana kallon ƙeya. Amma mai farce uku yana da gaɓoɓin wuya 8 zuwa 10, alhali mutum da raƙumin dawa 7 gare su, saboda haka yana iya juyo da fuskarsa baya ba tare da ya motsa jiki ba. Wannan juyowar ake jira.

Kusan sau ɗaya a mako yakan sauko gindin itace ya yi bayan gida. A nan ne ake samun hotonsa kusa, kuma a nan ne ya fi shiga haɗari, domin a ƙasa jan ciki yake yi. A shekarar 2022 wata Ba'amurkiya, Suzi Eszterhas, ta sami yabo a gasar hotunan namun daji ta Landan da hoton wani sarkin nawa da ya sauko ya yi kiciɓis da kare a wani garin bakin teku na Kosta Rika. Hoton ya nuna wa duniya halin da dabbar ke ciki inda aka sare itatuwa: karnuka, da motoci, da wayoyin lantarki.

HOTON DA KE KISA

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ban da ta sarkin nawa. Bakin mai farce uku a halitce yake kamar mai murmushi, ko yana cikin tsoro ko azaba. In ya ɗaga hannu, baƙi sukan ce gaisuwa yake yi, nan kuwa shirin kare kansa ne.

Wannan murmushi shi ya jawo masa bala'i. A shekarar 2017 ƙungiyar World Animal Protection ta bayyana yadda ake kamo su daga daji a yankin Amazon, a Birazil da Feru, ana miƙa wa 'yan yawon buɗe ido su rungume a ɗauke su hoto don kuɗi. Dabbar da ta saba zama ita kaɗai a bisa, sai ga ta daga wannan hannu zuwa wancan tun safe har yamma, kuma da yawa ba sa daɗewa suke mutuwa. A ƙarshen wannan shekara Instagram ya fara gargaɗin masu neman irin waɗannan hotuna. Kosta Rika ta kafa yaƙi da wannan ɗabi'a a 2019, a 2021 kuma ta sanya sarkin nawa cikin alamun ƙasarta.

Ka'idar da masu kula da shi suka shimfiɗa ba ta da wuya: kada a taɓa shi, kada a girgiza reshe ko a yi masa ihu don ya juyo, a bar aƙalla mita 3 tsakani, in ya sauko a ba shi hanya.

To, jama'a, duk ran da kuka ga hoton wani ya rungume sarkin nawa suna murmushi tare, ku sani ɗaya ne kaɗai a cikinsu yake jin daɗi. Wanda ya tsaya nesa ya jira, shi ne ya dawo da hoto, ya kuma bar mai hoton da ransa a bisa itace.