Amurka: kasuwar ƴan ƙwallon kwando a babban hutu

A ƙasar nan in an ba ƴan lakwal babban hutu, damina ta riga ta sauka, yaro sai ya ɗauki hauya ya bi mahaifinsa gona. A Amurka kuwa akwai samarin da hutun shi ne lokacin aikinsu mafi wuya. Su ne ƴan lise masu wasan ƙwallon kwando.

Wasan dai mutum biyar-biyar ke yin shi. Kwando yana rataye sama, mita 3 da ɗan abin da ya ɗara. Wanda ya jefa daga kusa ya ci maki 2, wanda ya jefa daga nesa ya ci 3.

Abin da ake nema

Karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai. Amma in jami'a ta ga yaro ya iya ƙwallo, sai ta ɗauke masa kuɗin karatu da ɗaki da abinci, shi kuma ya yi mata wasa. Ga ɗan talaka wannan babbar ƙofa ce, sai dai ƙofar ƙarama ce. Samari fiye da 500.000 ke wasan a lise. Kamar ɗaya cikin ɗari ne ke shiga manyan jami'o'i na sahun farko. Ita kuwa NBA, babbar gasar da ake biyan miliyoyi, mutum wajen 60 take zaɓa a shekara, har da baƙi daga wasu ƙasashe.

Amurka jihohi 50 gare ta. Mai horar da ƴan wasan jami'a ba ya iya bin lise-lise yana duba yara. Shi ya sa ake tara masa su wuri guda a watan Yuli. Masu tarawar kuwa galibi kamfanonin takalma ne, Nike da Adidas da ire-irensu. Kamfanin Nike yana yin tasa gasar, mai suna Peach Jam, a garin Nos Ogasta na jihar Karolina ta Kudu tun 1996. Ba don Allah suke yi ba. Yaron da ya saba da takalminsu yana ɗan shekara 16, suna fatan ya yi musu talla ranar da ya zama zakara.

Yadda ake duba yaro

Doka ta hana masu horarwa na jami'o'i yi wa yaro ko iyayensa magana a wurin gasar. Sai kowa ya sa riga mai tambarin jami'arsa, ya nemi kujerar gaba ya zauna, don yaron ya ɗaga kai ya gan shi. Kamar saurayin da ya je zance aka ce kada ya ce uffan, sai dai ya gyara hula.

Ɗan kallo maki yake ƙirgawa. Mai duba yara, da kaye da bik a hannu, abin da yake rubutawa daban ne. Yana duba tsawon yaro, da tsawon hannuwansa in ya miƙe su, don dogon hannu shi ke tare ƙwallo. Yana duba abin da yaro ke yi sa'ad da ƙwallo ba ta hannunsa: yana neman wuri, ko ya tsaya ya riƙe ƙugu? In ya jefa ya kuskure, yana komawa da gudu ya tsare gida, ko yana tsayawa gardama da alƙali? In an fitar da shi ya huta, yana ƙarfafa ƴan uwansa, ko ya rufe kai da tawul? Sannan ya binciki shekarunsa. Ɗan 19 da ya danne ɗan 16 bai nuna komi ba, kamar bijimi ne cikin maruƙa.

Kwana kaɗan kan juya rayuwar mutum. A 1996 wani yaro daga jihar Filorida, Tracy McGrady, ya zo sansanin ABCD a jihar Niyu Jasi ba wanda ya san shi. Ya tashi daga wurin ana ce da shi na ɗaya a ƙasa. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Toronto ta ɗauke shi, ko jami'a bai shiga ba.

Karon 2001

Sansanin nan na ABCD wani mai suna Sonny Vaccaro ya kafa shi a 1984, aka yi na ƙarshe a 2006. Karon da aka fi tunawa shi ne na Yulin 2001. Lenny Cooke, ɗan birnin Niyu Yok mai shekara 19, shi ne ake yi wa kirari. LeBron James, ɗan shekara 16 daga garin Akuron na jihar Ohayo, sunansa bai gama yaɗuwa ba. Aka haɗa su. LeBron ya ci maki 24, Cooke ya ci 9. Ana dab da tashi LeBron ya jefa daga nesa ta shiga, ƙungiyarsa ta yi nasara.

A 2003 LeBron ne na farko da NBA ta zaɓa, Nike ta yi yarjejeniyar wajen dalar Amurka miliyan 90 da shi. Cooke ya bar batun jami'a ya sa sunansa a zaɓen 2002, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ya yi wasa a Filifin da Sin, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar NBA ba.

Mutane suna cewa jifa guda ce ta kashe shi. Wannan magana ta yi sauƙi da yawa. Shekarunsa sun wuce ƙa'idar lise, saboda haka shekararsa ta ƙarshe bai yi wasa ba, masu dubawa suka daina ganinsa. Waɗanda suka yi masa suna da wuri su ne suka fara juya baya.

Dillalai

Inda ake ciniki ba a rasa dillali. A Satumban 2017 ƴan sandan ciki na Amurka suka kama mutum 10, cikinsu har da mataimakan masu horarwa 4 da wani babban ma'aikacin Adidas. An zarge su da ba da kuɗi a ɓoye don a karkata yara zuwa wasu jami'o'i ko wasu dillalai. A magana guda, dalar Amurka 100.000 aka yi wa iyayen wani yaro alkawari don ya je jami'ar Luwibil. Mai horarwa na jami'ar, Rick Pitino, ya rasa aikinsa. Daga Yulin 2021 aka sassauta doka, aka yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa a fili.

Aikin duba yara ya taɓa fitar da ɗan ƙasar Hausa. Masai Ujiri a Zariya ya girma, a can ya fara wasan. A 2002 ya shiga yi wa ƙungiyar Olando wannan aiki ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2003 ya fara tara samarin Najeriya a sansanin horo don masu dubawa su gan su. Shi ne shugaban ƙungiyar Toronto sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019.