Ko Kun Sani?

Na'urar kiɗan lantarki mai suna Telharmonium, wadda Thaddeus Cahill ya girka a birnin New York na Amurka a 1906, nauyinta ya kai kimanin tan 200, har sai da aka ɗauko ta gunduwa-gunduwa cikin taragan jirgin ƙasa. Sababi kuwa, a wancan zamani ba a ƙago na'urar ƙarfafa sauti ba, don haka ya wajaba manyan injunan lantarki su samar da kowane amo da cikakken ƙarfinsa, kana a aika kiɗan ta wayar tarho zuwa otal-otal. A yau, bisa hikimar da Allah Ya hore wa bil'adama, manhajar kwamfuta ke wannan aiki da lissafi tsantsa, alhali sautin waccan na'ura bai wanzu a faifai ko ɗaya ba.