Takobin ƙasa: kokowar da ake yi a bayan fage

Da zarar an kai hatsi rumbu, sanyin hunturu ya sauka, sai hankalin ƴan Nijar ya koma wuri guda, wato garin da aka ɗora wa karɓar gasar kokowa ta takobin ƙasa. Ma'aikaci ya ajiye rediyo kusa da takardunsa, ɗan kasuwa ya jingina tasa a jikin buhu, ciniki ya dakata har a ji wanda ya kai ƙasa. Sunayen ƴan kokowa kowa ya haddace su. Waɗanda ba a faye ambato ba su ne masu shirya taron, mutanen da aikinsu ke farawa watanni da dama kafin makaɗi ya ɗora hannu a kan ganga.

An fara wannan gasa a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Tun daga nan take zagayawa daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan. A yau jihohi takwas ne, kowace tana kawo ƴan kokowa goma, jimla tamanin, a yi wajen kwana goma ana karawa. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ana tankaɗe har a rage biyu. Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan fage: filin kokowarta yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kuma a zagaye na 39, wanda aka kammala a nan a 2018, Tasi'u Sani ya sa takobi ya kwana a gida.

To, a cikin wannan zagayawa akwai alheri, akwai kuma cikas. Alherin shi ne kowace jiha tana samun rabonta. Cikas ɗin kuwa, gari yakan yi kusan shekara takwas kafin layi ya sake zagayowa kansa. Kafin nan an canja gwamna, an canja magajin gari, jami'in da ya san inda aka samo katifu ya yi ritaya ko an mayar da shi wata jiha. Sabon kwamiti yakan fara kamar ba a taɓa yi ba. Shi ya sa mai shirya taro da ya san aikinsa ba ya zama gida jiran labari, yakan ɗauki jaka ya bi ayarin jiharsa zuwa garin da ake yi, ya je ya gani da idonsa.

Tafiyar kanta makaranta ce. Mu ɗauki zagayen Agadas na watan Disamba 2023, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida. Wanda ya tashi daga Damagaram sai ya bi ta Tanut, tafiyar kilomita fiye da 400, kuma tun a hanya zai fara lissafi: motoci nawa suka ɗauki ayari, ina aka tsaya cin abinci, wa ya biya kuɗin mai. Domin ayarin jiha ya fi ƙarfin mutum goma. Akwai masu horo, akwai makaɗa da maroƙa, akwai ƴan cali-cali masu ba da dariya tsakanin karawa, akwai malamai da masu layu waɗanda ba sa cikin takardar ofis amma ba ɗan kokowar da zai yarda ya bar su a baya. Duk sai an ba su masauki.

Idan ya isa, jama'a suna kallon tsakiyar fili, shi yana kallon ƙofa. Ƙofa nawa aka buɗe, ƙarfe nawa aka fara sayar da tikiti, ta ina manyan baƙi ke shiga ba tare da an ture talaka ba. Yana duba yashin da aka zuba, ko an tace shi daga tsakuwa. Yana duba inda aka kafa na'urorin talabijin da rediyo na ƙasa, da injin wuta na ko-ta-kwana, domin wuta ta ɗauke a tsakiyar karawar ƙarshe abin kunya ne da za a daɗe ana yi wa gari gori da shi. Yana kuma sauraron mai sanarwa, saboda kyaututtukan da attajirai ke bayarwa, kuɗi ko babur ko buhunan shinkafa, in ba a rubuta su nan take ba, rigima ce bayan an watse.

Sai maganar da ta fi damun Damagaram, wato ruwa. Birnin yana zaune a kan duwatsu, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na mayar da hedkwatar mulkin mallaka zuwa Yamai a 1926. Garin da mazaunansa ke bin ƴan ga-ruwa a ranakun da ba taro, yaya zai yi da dubban baƙi na kwana goma? Mai shiri da bai tanadi tankokin ruwa ga kowane masauki ba, ya bar babban aiki ya kama ƙarami.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu lissafi. Baƙi daga Mirya, Magarya, Matamai da Gure, har da na Daura da Kano, za su ci, za su kwana, za su shiga Kasuwar Dole, za su zaga Birni su ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, su sayi kayan dukawa su kai tsaraba. Amma wanda ya ji labari a makare ba ya samun rumfa kusa da fili, kuma rabon rumfuna da aka yi a ɓoye yakan bar ƙananan masu sana'a, musamman mata masu abinci, a bakin titi cikin ƙura.

A Amurka akwai wani taro mai kama da wannan ta fuskar shiri. A garin Pasadena na jihar Kalifoniya, ranar farko ta sabuwar shekara, ƙungiyoyin jami'o'i biyu suna karawa a wasan ƙwallon nan nasu da ake runguma a ruga da ita, a gasar da suke kira Rose Bowl. An fara ta a 1902, ana yin ta kowace shekara tun 1916, filin kuwa yana cin mutum wajen 90,000. Ƙungiyar mutanen gari ce ke riƙe da shirin, da ɗaruruwan ƴan sa kai, kuma ba ta watsewa bayan wasa. Wanda ya tsare ƙofa bana, baɗi shi ke koya wa sabo. Ba kuɗinsu ne abin koyi a nan ba, don ba mu da irinsa. Abin koyi shi ne ilimin shiri yana da gidan zama.

A ganinmu wannan ba ya fi ƙarfin Damagaram. Ofishin matasa da wasanni na jiha, da reshen hukumar kokowa, da ƴan kasuwa, suna iya tura mutum biyu ko uku kowane zagaye, su dawo da rahoto a rubuce: yawan baƙi, kuɗin da aka kashe, inda aka samu cunkoso, abin da ya ƙare kafin lokaci. A ajiye kwafi a ofishin magajin gari, wani a jami'ar Andre Salifu, inda ɗalibai za su iya nazarinsa. Filin Langa-Langa kuma a riƙa buɗe shi ga kokowar gundumomi bayan kowace kaka, domin masu tsaron ƙofa, da alƙalai, da masu sayar da tikiti su saba da aikin kafin ranar da jihohi bakwai za su sake sauka a garin.