Barewa a Tsakar Gida: Tsakanin Jita-jita da Gaskiya

A unguwannin bayan gari na gabashin Amurka, ba abin mamaki ba ne mai gida ya buɗe ƙofa da asuba ya tarar da bareyi uku ko huɗu suna kiwo a lambunsa. Wajen shekarar 1900 farauta da saran daji sun kusa ƙarar da barewa mai farar wutsiya, har ta koma ba ta wuce rabin miliyan ba. Yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Dokokin farauta sun kare ta, kyarketan da ke cin ta sun yi ƙaranci, ga ciyawa da furanni a kowane gida. Da zaman tare ya yi tsawo, sai maganganu suka yi yawa, kuma da dama daga cikinsu suna cutar da dabbar da mutanen baki ɗaya.

"Ɗan barewa da ke kwance shi kaɗai maraya ne"

Ƙarya ne. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma a makonnin farko ɗan nata ba ya iya bin sawunta. Ana haihuwarsu ne galibi a Mayu da Yuni. Uwar takan ajiye shi cikin doguwar ciyawa ko a gindin shinge, ya naɗe ƙafafu, ya kwantar da wuya a ƙasa, ɗigo-ɗigon farin da ke bayansa ya saje da hasken da ke ratsa ganye. Ita kuwa takan yi nisa da gangan don kada ta jawo masa idon maƙiyi, ta riƙa dawowa jefi-jefi tana ba shi nono. Mai tausayin da ya ɗauke shi ya raba ɗa da uwa ne kawai. Haka batun cewa uwa na ƙin ɗanta idan hannun mutum ya taɓa shi, shi ma ba shi da tushe: in an mayar da shi inda aka ɗauko shi da wuri, takan karɓe shi. Sai an ga rauni a jikinsa, ko gawar uwar a kusa, ko ya wuni yana yawo yana kuka, sannan a kira jami'an kula da namun daji.

"Zuba musu masara a lokacin ƙanƙara taimako ne"

Wannan kyakkyawar niyya ce da ke kisa. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ke samun ragon da ya faɗa wa buhun dawa ya ci ya ƙoshi. Barewa ma mai tuƙa ce. A lokacin sanyi ƙananan halittun da ke cikin tumbinta sun saba da tsinke da ɓawon itace, don haka idan masara ta shiga kwatsam sai tumbin ya yi tsami, dabbar ta kamu da zawo, wani lokaci a tsinci gawarta ciki cike da abinci. Ban da haka, tara su a kwano ɗaya na yaɗa cuta ta hanyar yawu. Mafi muni ita ce cutar rama da ke lalata ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gani a jihar Kolorado a 1967, kuma har yau ba ta da magani ko rigakafi. Shi ya sa jihohi da dama, ciki har da Niyok, suka haramta ciyar da bareyin daji.

"Barewa ce ke sa wa mutane cutar Lyme"

A nan gaskiya da kuskure sun cakuɗe. Cutar ta samo sunanta daga garin Lyme na jihar Konetikat, inda aka lura da yara masu kumburin gaɓoɓi a 1975, kuma cizon kaska ne ke kawo ta. Sai dai ba daga jinin barewa kaskar ke ɗaukar ƙwayar cutar ba. Tana samun ta ne tun tana ƙarama daga ɓerayen daji da wasu ƙananan dabbobi. Rawar barewa ita ce ciyar da manyan kaska: a jikinta suke shan jini, su haɗu, sannan su faɗo su yi dubban ƙwai. Saboda haka yawan bareyi na nufin yawan kaska. A tsibirin Monhegan na jihar Maine, da aka kawar da bareyi gaba ɗaya a ƙarshen shekarun 1990, kaskar ta ragu ƙwarai. Abin kwantar da hankali shi ne, yawanci sai kaska ta yi fiye da awa 24 a maƙale kafin ta zuba cutar. Wanda ya dawo daga lambu ya duba bayan gwiwa, hammata da gashin kan yara. In ya ga kaska, ya kama ta da matsefata dab da fata ya zare a hankali, kada ya ƙona ta ko ya shafa mata mai. Idan zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya, sai asibiti.

"Akwai dabarar da ke korar su har abada"

Sabulu mai ƙamshi, gashin mutum da na'urar ƙara duk kan yi aiki na ɗan lokaci, sannan bareyin su saba. Akwai furanni masu guba da suke ƙyamar ci, amma yunwa kan sa su taɓa kusan komai. Abin da aka tabbatar shi ne shinge mai tsayin mita biyu da rabi, domin gajeren shinge tsalle ɗaya suke yi masa. Ɗan usur ɗin da ake maƙalawa a gaban mota ma bincike bai nuna yana hana karo ba.

"Barewa ba ta da cutarwa"

Kuskure ne mai tsada. Uwa mai jego kan tattake kare da kofato, namiji kuwa kan yi faɗa da ƙaho a lokacin barbara. Babban haɗarin ma a kan titi yake: ana yin karo fiye da miliyan ɗaya a shekara a Amurka, mafi yawa a Nuwamba, da asuba da magariba. Direban da ya ga ɗaya ta tsallaka ya sa ran wasu na tafe, ya taka birki, kada ya murɗa sitiyari ya faɗa hannun wani.

Barewar da ta daina tsoron mutum ita ce ke ƙarewa a ƙarƙashin mota ko a bakin bindigar hukuma. Mai ƙaunarta da gaske ya kare lambunsa da shinge, ya ɗaure karensa a lokacin haihuwa, ya hana ta abincin hannunsa, ya kuma faɗa wa maƙwabcin da ke zuba mata masara dalilin da ya sa ya kamata ya daina.