Katako Da Hunturun Kano

Katakon da ke zuwa Kano daga Sapele da danshinsa yake isowa. Hunturu na busawa sai ya tsattsage, mai shi ya yi hasara. To, kafinta a Sharada ko Bompai ya iya ce maka maganin abin rezin, watau wani ruwan ƙaro na Turawa. Akan sa busasshen katako cikin tukunya, a zuƙe iskar da inji, ƙaron ya ratsa shi, sa'an nan a gasa. Amma fa tsadarsa ta fi ta katakon, sai dai don mariƙin wuƙa. In na ƙyaure ne ko amalanke, jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani, shafe bakunansa da fenti, ya bushe sannu a hankali.