Masu Lambu, Ku Daina Shuka Waken Turawa Marar Suna

Duk shekara, da zarar Maris ya kama, sai ka ji masu lambu suna kukan cewa waken Turawansu, wanda 'yan kasuwa ke kira girin fis, ya yi ganye shar, ya yi fure, amma furen ya kakkaɓe babu ɗa. Wannan ya ɗora wa taki laifi, wancan ya ce baki aka yi masa. Ka tambayi mutum wane iri ya shuka, sai ya ce, "Ai a kasuwa na auno, gwangwani biyu." Sunan irin fa? Oho. Kwana nawa yake yi kafin a fara tsinka? Bai tambaya ba. Haba jama'a! Ka biya kuɗin fili, ka sayi man injin ban ruwa da tsadarsa, ka kwana kana jan tiyo, sannan ka zuba abin da ko mai sayarwar bai san asalinsa ba?

Wannan waken ba irin namu na gida ba ne da ke son rana. Ɗan sanyi ne. Ya fi walawa tsakanin digiri 13 zuwa 18, kuma idan zafi ya doshi 30 furensa zubewa yake yi, wanda ya riga ya ɗaure kuma ya yi tauri, zaƙinsa ya gudu. Mutanen Jos suna da sanyin tudu, sai su sha kuruminsu. Mu na Kano da Zariya da Katsina hunturu kaɗai gare mu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka kwanakin iri su ne komai.

Gajerun iri masu sauri, kamar Little Marvel da Kelvedon Wonder, wajen wata biyu suke yi. Ka shuka a tsakiyar Nuwamba, tsakiyar Janairu kana tsinka, sanyi na nan daram. Dogo mai hawa kuwa, irin su Alderman, yana kai kwana 75, yana iya wuce tsayin mutum, kuma sai an kafa masa kara ko raga. Wanda ya shuka shi a Janairu, furensa da zafin bazara za su yi karo. Akwai masu ɗan jure zafi, kamar Wando da Lincoln, amma su ma ba a kai su Afrilu. Ba lallai ka tarar da waɗannan sunaye a shagon garinku ba. Abin nema a jikin ledar iri shi ne yawan kwanaki, tsayin shuka da ranar da aka ɗura irin. Na awo ba ya zuwa da ko ɗaya, kuma sau da yawa gauraye yake, dogo da gajere, sabo da na bara waccan. Sai kunya ɗaya ta tashi wani ya danne wani, nuna kuma kowa da ranarsa. Araha ba ta ado.

In dole sai na awon, ɗebi ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa mako guda. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai takwas ba, kai shi tukunya, muddin ba mai launin ja ko kore na magani ba ne. Wannan ba a cinsa sam. Ka kuma duba fatarsa: mai yamutsattsiyar fata ya fi mai santsi zaƙi idan ya yi ɗanye.

Akwai kuma mai faffaɗan kwanso da ake ci har ɓawo, kamar Oregon Sugar Pod. Masu soya shinkafa da haɗa salak ƙwaya suke nema, don haka kada ka cika lambu da shi sai ka riga ka san mai saye.

Don Allah, bana kafin ka miƙa kuɗin iri, tambayi kwanakinsa, ka ƙirga su daga ranar shukarka. Idan lissafin ya shiga Maris, bar shi ka shuka wani abu.