Saƙon waya ma rasit ne, kada ka bari ya ɓace

Daga masu doya a Salaga da Yendi har masu albasa a Bawku, ciniki ya koma cikin waya. A WhatsApp ake talla, a nan ake yanke farashi, kuɗi kuma su shigo ta MoMo. To, ranar da waya ta faɗa ruwa fa? Wanda ya rantse ya turo maka sidi 2,000, da me za ka ƙaryata shi?

Maganin ba wuya. Saita WhatsApp ya riƙa ajiye hirarka a Google Drive kullum. Kada ka goge saƙon MoMo, domin lambar cinikin da ke ciki ita ce shaidarka in gardama ta taso. Duk yamma, kwafe suna, kwanan wata da adadin kuɗi cikin littafi.

Sai dai lambobin kwastomomi amana ce. Dokar kare bayanai ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ta hana amfani da bayanan mutum wajen talla ba da izininsa ba, ta kuma hana riƙe su fiye da buƙata. Wanda ya ce ka daina turo masa talla, cire shi, ka rubuta ranar da ya faɗa.